Gejin mai na rawa bayan ka sa sabuwar ƙwaƙwalwar inji? Ga yadda ake kwantar da shi

Wanda ya cire ƙwaƙwalwar injin da mota ta zo da ita daga kamfani, wadda makanikai ke kira birenbos, ya sa irin wadda ake saitawa da laftof, Haltech ce ko Link ko MaxxECU ko ECUMaster ko Speeduino, da wuya ya tsallake wannan matsalar. Inji yana tashi lafiya, wuta tana nan, amma lambar da ke nuna yawan mai ta ƙi zama wuri ɗaya. Ka taka birki ta ce rabin tanki, ka sha kwana ta ce kwata, ka ba da wuta ta ce ya kusa cika.

Abin da ke cikin tankin bai canza ba. Fulot ne yake shawagi a kan fetur, maƙale da hannun ƙarfe, hannun kuma yana goga wani ɗan allo mai turjiyar wuta. Fulot ya hau, turjiya ta canza. Ya sauka, ta sake canzawa. Fetur kuwa a mota mai tafiya kamar ruwa ne a bokitin da yaro ya ɗauko da gudu, kullum yana cikin tangaɗi. Tun can ma haka yake yi, gejin kamfani ne yake ɓoye maka. Tsofaffin gejoji suna aiki da wani siririn ƙarfe da sai ya ɗumama yake lanƙwasawa, don haka ba ya iya saurin motsi. Na bayansu an sa wa allurar wani ruwa mai kauri da ke riƙe ta. Na zamani kuma lissafi ne a cikin dashbod yake daidaita lambar kafin ka gani. Sabuwar ƙwaƙwalwarka ba ta zo da ko ɗaya daga cikin waɗannan ba sai ka koya mata.

Ga lissafin da duk aikin ya rataya a kansa. Motar da ke shan lita 10 a kilomita 100, tana gudun kilomita 100 a awa, lita 10 take ƙonawa a awa guda, wato ƙasa da kashi ɗaya cikin biyar na lita a minti. Mai ba ya ƙarewa da gaggawa. Duk tsallen da ka gani a cikin sakan ɗaya ko biyu, ko dai tangaɗi ne ko kuwa matsalar waya. Tangaɗi ana tace shi. Matsalar waya gyara ta ake yi, kuma shi ya sa na ajiye maganar filta, wato tacewar da ke kwantar da lambar ba filtan mai ba, zuwa can ƙasa, ko da yake ita ce mutane suka fi ɗokin taɓawa.

Fara da gano wace irin rawa ce

Haɗa laftof, ka kashe duk wani filta da ke kan layin fulot, ka sa manhajar ta riƙa ɗaukar rikod na ɗanyen bolt ɗin da ke shigowa, ba lita ko kashi cikin ɗari ba. Haɗa da saurin mota da ƙarfin batir a rikod ɗin.

Gwaji na farko, mota a tsaye a wuri mai shimfiɗa, makulli a kunne, inji a kashe. Layin ya kamata ya miƙe sambal. Na biyu, ta da inji, ka kunna fitilun gaba, ka kunna na'urar sanyaya, ka jira fankar lagireto ta ɗauka. Lura musamman da lokacin da famfon mai ya fara juyawa. Idan lambar ta motsa a nan alhali motar ko gezau ba ta yi ba, wayarin ne. Na uku, ka fita titi na minti goma, da birki da kwana da ɗan hawa, wani na riƙe maka laftof ɗin. Tangaɗi yana fitowa a rikod da hawa da sauka masu laushi, yana bin birki da kwana. Idan kuwa ka ga layin ya cilla sama ƙwarai ko ya faɗi ƙasa warwas na ƙiftawar ido ya dawo, to allon fulot ne ya cinye ko soket ya saki.

Auna fulot ɗin kansa

Ka cire nagatif na batir tukuna. Ka yi aikin a waje inda iska ke kaɗawa, nesa da mai walda da mai shan taba da janareta. Tankin da ya kusa ƙarewa ya fi cikakke haɗari, domin tururin fetur ne yake kamawa. A motoci da yawa murfin yana ƙarƙashin kujerar baya ko cikin but.

Fito da fulot, ka sa mitar auna wuta a ma'aunin om, wato na turjiya, ka ɗaga hannun a hankali daga ƙasa har sama kana kallon lambar. Rubuta ta ƙasa da ta sama. Kowane kamfani da nasa tsarin: tsofaffin motocin GM na Amurka 0 ne in babu mai, 90 in ya cika, tsofaffin Ford 73 zuwa 10, na kamfanin gejoji VDO 10 zuwa 180, irin wanda ake sayarwa na kowace mota 240 zuwa 33, Toyota da yawa kuma wajen 110 in babu mai, wajen 3 in ya cika. Ka ga wasu suna hawa in mai ya ƙaru, wasu suna sauka, saboda haka kada ka ɗauki lambar wani ka zuba a taka motar ba tare da ka auna ba.

Abin da ya fi lambobin biyu muhimmanci shi ne tsakaninsu. Idan a wani wuri mita ta ɗauke ta nuna layi a buɗe, allon ya goge a nan. Yawanci wurin da mai ya fi daɗewa a kai ne yake fara lalacewa, kuma ga wanda ya saba zuba mai kaɗan-kaɗan, wajen kwata ke nan. Wani lokaci datti ne kawai, ruwan goge soket zai wanke shi. In ya cinye, canza shi. Na gwanjo ma ka auna shi haka a gaban mai shago kafin ka biya.

Motocin da farfela, wato dogon ƙarfen da ke kai juyi zuwa tayoyin baya, ta ratsa ƙarƙashin tankinsu ta raba shi gida biyu, irin su Subaru Impreza da Nissan 350Z da BMW E46, fulot biyu gare su. Mai yana ƙaura daga wannan ɓangare zuwa wancan, don haka wanda ya karanta ɗaya kaɗai zai ga lambar tana hawa da sauka ba dalili. Dole a karanta duka biyun, ko dai a jere su a layi ɗaya turjiyarsu ta haɗu, ko kowanne da nasa layin a tara su a manhaja.

Wayar nagatif

A nan mafi yawan ɓarnar take. A motoci da dama fulot da famfon mai suna komawa bodi ta waya ɗaya ko ta kusoshi ɗaya. Ɗauki famfon da ke jan amfiya 8, da mahaɗi mai ɗan tsatsa wanda turjiyarsa om 0.01 ce kacal, wadda mitar hannu ma ba za ta nuna maka ba. Wannan ya haifar da bolt 0.08 a kan nagatif ɗin fulot. Kamar ba komai. Amma za ka gani a mataki na gaba cewa duk tazarar da ke tsakanin tanki cike da tanki wayam tana iya zama bolt 0.48 kawai. Ke nan famfo yana tashi, geji ya goce da kusan kashi ɗaya cikin shida, wajen lita 10 a tankin lita 60.

Gyaran shi ne fulot ya sami nagatif nasa na kansa. Ja sabuwar waya daga ƙafar nagatif ta fulot har zuwa nagatif na sensa da ke jikin ƙwaƙwalwar, wanda sensar totur da ta zafin ruwa suke amfani da shi, ka murɗe ta tare da wayar sigina, ka nisanta su daga wayar famfo da ta koyil. Amma ka duba da mita tukuna: in ƙafar fulot ɗin a haɗe take da ƙarfen murfin tanki ko da nagatif na famfo, kada ka kai ta nagatif na sensa a haka, domin wutar famfo za ta iya bi ta cikin ƙwaƙwalwar ta ɓata karatun sauran sensoci, ko ma ta ƙona layi. A irin wannan hali ka raba su: famfo ya sami tasa waya mai kauri zuwa bodi a wuri mai tsabta da aka kankare fenti, fulot ya zauna shi kaɗai.

Rizistan da ke ba layin wuta

Ƙwaƙwalwa ba ta karanta om, bolt take karantawa. Ana sa rizista, wato ɗan abu mai tsayayyiyar turjiya, daga bolt 5 zuwa wayar sigina, fulot kuma daga sigina zuwa nagatif, su raba wutar tsakaninsu. Lissafin: 5 sau turjiyar fulot, a raba da jimillar turjiyar fulot da ta rizista.

Yawancin ƙwaƙwalen suna da irin wannan rizista a ciki, amma don sensar zafi aka yi shi, wadda turjiyarta ke kai dubbai. Na Haltech da na layin zafi na Link om 1000 ne, na ƙwaƙwalen MegaSquirt da Speeduino om 2490. Sa fulot mai 110 zuwa 3 a kan om 1000, za ka sami bolt 0.50 in babu mai, 0.015 in ya cika. A kan 2490 kuwa 0.21 ne zuwa kusan sifili. Speeduino da ke kan allon lantarki na Arduino Mega tana raba bolt 5 gida 1024, kowane gida wajen milibolt 4.9, don haka tankin gaba ɗaya ya matse cikin matakai 42. A tankin lita 60, mataki ɗaya ya kusa lita ɗaya da rabi. Ko sauro ya gifta, lambar za ta motsa.

Kashe rizistan cikin ƙwaƙwalwar, ko ka koma layin da ba shi da shi, ka sa naka a waje. Da om 220 fulot ɗin nan zai ba ka 1.67 zuwa 0.07, tazarar bolt 1.6, fiye da ninki uku na abin da om 1000 ya ba ka. Wutar da zai ja wajen miliamfiya 22 ce kawai, rizistan rabin wat ya wadatar har da rara. Ga fulot mai 240 zuwa 33, om 330 yana ba da 2.1 zuwa 0.45. Ni ban cika son a sauka ƙasa da 200 ba. Da om 100 wutar tana kaiwa miliamfiya 48 in tanki ya cika, kuma bolt 5 ɗin nan shi ne yake ciyar da sensar totur da ta iska, ba a son a ɗora masa kaya. Duba littafin ƙwaƙwalwarka ka ga iyakar abin da layin zai iya bayarwa.

In gejin kamfani yana nan a haɗe kuma kana so ya ci gaba da aiki, labarin ya canza. Shi ne yake ba fulot wuta, don haka ba ka bukatar rizista ko kaɗan. In ka ƙara, duka biyun za su yi ƙarya. Auna wayar da mita, tanki cike da kuma kusa da ƙarewa, ka tabbata ba ta haura bolt 5 ba kafin ka kai ta ƙwaƙwalwa. Wasu gejojin daga batir kai tsaye suke ɗibar wuta, sai karatun ya bambanta tsakanin inji a kashe da lokacin da altaneta ke caji wajen bolt 14. In dashbod ɗinka na zamani ne ka riga ka sa, ya fi sauƙi a cire tsohon gejin daga layin gaba ɗaya.

Zuba mai da awo

Tanki ba akwati ba ne. Yana da lungu da tudu, hannun fulot kuma baka yake zanawa, ba miƙaƙƙen layi ba. Lambobi biyu, na cike da na wayam, ba za su ba ka gaskiya a tsakiya ba.

Ajiye mota a wuri mai shimfiɗa, ka zuƙe man da famfon kansa zuwa jarka har ya fara jan iska, sannan ka kashe shi nan take don kada ya yi ta juyawa a bushe. Wannan shi ne sifilinka na gaskiya, ko da akwai sauran mai a ƙasa, tunda inji ba zai iya shansa ba. Zuba lita 5, jira minti ɗaya ya lafa, rubuta bolt daga laftof, ba daga mita ba. Maimaita har ya cika. Za ka tarar a farko lambar ba ta motsa ba don fulot yana zaune a ƙasa, a ƙarshe ma ta tsaya don ya bugi rufi alhali tanki na karɓar mai. Haka abin yake, shigar da shi teburin yadda ya zo. In za ka yi amfani da kafasita, ɗan abin da ke adana wuta yana jinkirta canjin bolt, wanda zan yi bayaninsa a ƙasa, ka sa shi kafin wannan awon.

Yanzu sai filta

Kusan kowace ƙwaƙwalwa tana da ɗan saitin tacewa a kan layukanta, ƙarami da matsakaici da babba, ko lamba da ake ƙarawa. Sa shi a mafi girma ka gwada, amma kada ka yi mamaki in bai isa ba. An yi shi ne don ƙarar wuta mai wucewa cikin ɗan yankin sakan, birki kuwa yana ɗaukar sakan uku ko huɗu, doguwar kwana ta fi haka. Abin da kake nema filta ne mai tsawon sakan 30 zuwa 60. Duba ko manhajarka tana da sashe na musamman na yawan mai mai nasa saitin jinkiri, ko dashbod ɗin yana da shi. In babu, sai wurin rubuta lissafi, irin wanda Link G4X take da shi.

Lissafin da aka fi amfani da shi gajere ne: sabuwar lamba ita ce tsohuwar lamba, a ƙara mata ɗan kaso na bambancin da ke tsakanin ɗanyen karatu da tsohuwar. Kason kuma ana samunsa ne in an raba tazarar lokacin lissafi da jimillar tsawon filta da wannan tazarar. In ana lissafin sau 10 a sakan kuma kana son sakan 30, 0.1 a raba da 30.1, ya ba da 0.0033. In sau ɗaya ne a sakan, 1 a raba da 31, wato 0.032. Dole ka san sau nawa ƙwaƙwalwar take maimaita lissafin, in ba haka ba kason da ya yi wa wani aiki zai zame maka filtan sakan uku ko na minti biyar.

Ga abin da yake yi a aikace. Kana da lita 30, ka taka birki na sakan uku, ɗanyen karatu ya cilla zuwa 45. Da filtan sakan 30 lambar za ta hau da lita 1.4 ta dawo. Da na sakan 60, lita 0.7. Abin da ka biya kuwa kaɗan ne: a motar nan mai shan lita 10 a awa, jinkirin sakan 30 bai kai kashi ɗaya cikin goma na lita ba. Motar tsere ce kaɗai za ta ji shi. Injekta huɗu masu fesa 1000cc a minti, a buɗe kashi 80, suna zuƙar lita 3.2 a minti, da filtan sakan 30 geji zai kasance a baya da wajen lita 1.6. Shi ya sa masu tsere suka fi dogara da ƙirgen man da injekta suka fesa, fulot ya zama na tabbatarwa kawai.

Akwai tarko biyu da ke sa mutum ya zaci lissafin bai yi ba. Na farko, in ƙwaƙwalwar tana ajiye lambar ba tare da ɗigo ba, 0.0033 sau bambancin lita 10 ya zama 0.03, ta mayar da shi sifili, lambar ta daskare. Yi lissafin a kan milibolt ko ka ninka lambar sau dubu, ka raba daga baya. Na biyu, a duk kunna makulli filtan yana farawa daga sifili, kuma sai ya yi ninki uku na tsawonsa kafin ya kai kashi 95, wato minti ɗaya da rabi yana nuna maka ba mai. Sa sharaɗi: muddin inji bai tashi ba, ko a sakan uku na farko, a ɗauki ɗanyen karatu kai tsaye.

In manhajar ta ba da dama, yi filta biyu. Mota na tafiya, sakan 60. Ta tsaya cak fiye da sakan goma, ya koma sakan 5, don ka ga man da ake zuba maka a gidan mai yana hawa a gabanka. Wasu suna ƙara dokar cewa lamba ba za ta taɓa hawa ba sai mota na tsaye. Kada ka yi haka. Doguwar kwana ɗaya za ta ja ta ƙasa ta maƙale a can, ta gaba ta ƙara ja, ka wayi gari geji na cewa kwata alhali kana da rabi. In za ka sa iyakar saurin canzawa, sa ta ta kowane ɓangare.

In manhajar ba ta da wurin lissafi

Sai a koma ga rizista da kafasita. Kuskuren da aka saba yi shi ne a maƙala babban kafasita kai tsaye tsakanin wayar fulot da nagatif. Turjiyar wurin ƙarama ce, ga fulot mai 110 zuwa 3 da rizistan 220 wajen om 73 in babu mai, om 3 in ya cika, don haka ko maikurofarad 1000 ba zai ba ka jinkirin da ya wuce sakan 0.07 ba.

Yadda ake yi: daga mahaɗar fulot da rizistan 220, sa rizistan om 10,000 a jere zuwa ƙafar ƙwaƙwalwa, sannan kafasita mai maikurofarad 1000, bolt 16, daga wannan ƙafar zuwa nagatif na sensa, gefen da ke da zane yana kallon nagatif. Wannan ya ba da sakan 10. Da 470 kuma sakan 4.7. Rizistan cikin ƙwaƙwalwa dole ya kasance a kashe, in ba haka ba zai rinjayi siginar gaba ɗaya. Ka yi haɗin da dalma, ka rufe, ka ajiye shi cikin mota kusa da ƙwaƙwalwa, domin zafin ɗakin inji yana busar da irin wannan kafasitan. Ka san kuma duk kunna makulli sai ka jira kamar sakan 30 kafin lambar ta zauna, wannan ba shi da magani a wannan hanyar.

Fitilar gargaɗi da doguwar hawa

Doguwar hawa ta minti biyar za ta karkatar da man, filta kuma zai bi shi a hankali, domin a wurinsa wannan ba tangaɗi ba ne. Gejin kamfani ma yana yin haka. Wanda abin ya dama sai ya duba tankin kansa: shingaye a ciki, ko fulot irin na bututu wanda mai ke shiga ta ƙananan huji, shi yana rage rawar tun daga tushe.

Fitilar ƙarewar mai ka ɗora ta a kan tatacciyar lamba, da maki biyu: ta kama a kashi 12, kada ta mutu sai an haura 18, da jinkirin sakan goma kafin ta kama. Kada kuma ka jingina kariyar inji a kan wannan lambar, tana da nauyin jiki da gangan. Abin da zai ceci inji in famfo ya ja iska a kwana shi ne sensar matsin mai, kuma ita ba a sa mata dogon filta.

Da ka gama, sake bin hanyar nan ta minti goma, ka ɗauki rikod na ɗanyen karatu da tataccen tare. Tataccen ya kamata ya ratsa tsakiyar ɗanyen yana gangarowa sannu a hankali. In har yana motsi fiye da lita ɗaya a birki, ƙara tsawon filtan da rabi ka sake. Daga nan ka rubuta abin da geji ya ce kafin ka shiga gidan mai, ka cika tanki, ka kwatanta litar da aka zuba da gibin da ya nuna. In bambancin ya wuce lita biyu ko uku, koma teburin awo ka gyara layin da ke kusa da wannan matakin.